Yadda Ake Kare Ƙananan Bishiyoyi da Yi Musu Aski a Gandun Daji

Duk shekara idan damina ta kankama, daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta, akan ga motoci ɗauke da dashe a cikin baƙaƙen ledoji suna nufar gandun daji da filayen da aka keɓe domin shingen bishiyoyi. A Jamhuriyar Nijar ranar 3 ga Agusta, wadda ita ce ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar dashen itatuwa tun shekarar 1975, a Nijeriya kuwa jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi da Sakkwato har zuwa Yobe da Borno, suna cikin shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Sai dai wanda ya koma irin waɗannan filaye a watan Afrilu, lokacin da bazara ta yi tsanani, sau da yawa abin da zai tarar shi ne jerin ramuka da busassun tsinke, wasu akuya ta gwaguye su har ƙasa, wasu kuma wuta ta bi ta kansu. Aikin da ke raba dashen da ya rayu da wanda ya mutu yana farawa ne bayan an watse daga taron dashe, kuma yakan ɗauki aƙalla rani uku kafin mai kula da daji ya sami kwanciyar hankali.

Ƙaramar bishiyar da ake magana a kanta a nan iri biyu ce. Akwai wadda aka rena a lambun renon dashe sannan aka kai ta fili, akwai kuma tohon da ke fitowa da kansa daga tsohon kututture ko daga irin da ya faɗi ƙasa. Kariyar da suke bukata kusan ɗaya ce, amma askinsu ya bambanta, don haka za a ware wa kowace bayaninta.

Makonnin farko bayan dashe

Bayan mako biyu zuwa uku da yin dashe, a zaga filin layi-layi a ƙirga abin da ya kama da abin da ya mutu, a cike gurbin wanda ya mutu tun damina tana da saura. Dashen da aka sa a ƙarshen Satumba ba ya samun isasshen lokacin da saiwarsa za ta nitsa kafin ruwa ya ɗauke, saboda haka cike gurbi a makare ɓarnar dashe ce kawai. A lokacin wannan zagaye yana da kyau a tona gindin ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka yi yaushi, domin ba abin mamaki ba ne a tarar an binne su da ledarsu, saiwa ta nannaɗe a ciki ta rasa hanyar fita.

Ciyawa ita ce abokiyar gaba ta farko, domin tana shanye damshin da ƙaramar saiwa ke dogaro da shi, idan ta bushe kuma ta zama makamashin wuta. A nome kewayen kowace bishiya, faɗin kamar mita ɗaya, sau biyu ko uku a cikin damina, sannan a yi mata ɗan kwarmi da zai tara ruwa. A wurin da ƙasa take da gangare ko ta yi tauri irin ta fako, a yi gini irin na rabin wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, yadda duk ruwan da ya sauko zai tsaya ya nitse a gindin dashen. Da ruwa ya ɗauke sai a rufe kwarmin da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, amma a bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin abin rufin da jikin bishiyar, saboda gara takan bi tarin ciyawa ta hau ɓawo. Inda ake da halin ban ruwa a ranin farko, an fi samun amfani idan aka zuba ruwa mai yawa sau ɗaya a mako fiye da yayyafi kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Wasu sukan binne tulu marar fenti a gefen dashen har wuya, su cika shi su rufe bakinsa, ruwan yana tsatsafowa a hankali ta jikin yumɓu.

A wasu gandun daji ana ba manoma izinin shuka gyaɗa ko wake a tsakanin layukan dashe na shekara biyu ko uku, tsarin da ya samo asali daga ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu. Amfaninsa shi ne manomin da ke nome gonarsa yana nome bishiyar a lokaci guda, yana kuma korar dabba. Dogon hatsi irin dawa da gero bai dace ba a shekarar farko, domin yakan rufe dashen da inuwa.

Dabbobi

A ƙasar Hausa babu abin da ke kashe dashe kamar dabbar da aka saki bayan kaka. Da an kwashe amfanin gona aka saki awaki da tumaki, ƙaramar bishiya ita ce kaɗai koren abu da ya rage a fili, kuma akuya ba ta cin ganye ta tafi, tana cire tsinin kai ne, wanda daga nan tsawon bishiyar ke fitowa. Bishiyar da aka cinye mata kai sau biyu ko uku ko ta rayu takan zama cukurkuɗaɗɗen kurmi marar miƙaƙƙiyar sanda. Shanu kuwa sun fi ɓarna ta hanyar tattakewa da susa, raƙumi kuma yana kai wa inda akuya ba ta kai ba.

Idan bishiyoyin kaɗan ne ko a warwatse suke, a yi wa kowace keji. Mafi sauƙi shi ne a kafa sanduna uku ko huɗu a kewaye ta, a ɗaure rassan ƙaya na magarya ko bagaruwa ko aduwa a jikinsu. Ana kuma iya saƙa kwando na kara ko na sabara, ko a yi amfani da ragar waya inda kuɗi ya samu. Kowane aka zaɓa, tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi, domin akuya tana miƙewa a kan ƙafafun baya, faɗinsa kuma ya isa yadda bakin dabba ba zai kai ga ganye ta cikin ƙofofin ba. Kejin tubali da ake yi a bakin titunan birni yana da ƙarfi, amma idan ba a bar masa tagogi ba yakan tara zafi ya dafa dashen a bazara. A riƙa duba kejin duk wata, saboda gara tana cin gindin sanduna, iskar farkon damina tana kayar da shi, kuma kejin da ya faɗa kan bishiya ya fi rashinsa illa.

Babban fili ba ya kewayuwa da keji ɗai-ɗai, sai shinge, kuma shingen da ya fi daɗewa shi ne mai rai. Aguwa da bini-da-zugu suna kamawa daga yankakken reshe kuma dabba ba ta cin su, bagaruwa da magarya kuma idan aka shuka su kusa da juna sukan haɗe su zama katangar ƙaya. Abin lura shi ne shingen yana bukatar shekara ɗaya ko biyu kafin ya tare komai, don haka wanda ya tsara aikinsa da kyau yakan riga dashen da shingen.

A ganina, duk da haka, shingen da ya fi kowane ƙarfi shi ne yarjejeniya da mutanen da ke kewaye da dajin. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, inda ƙungiyar agaji ta CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara kafa layukan darbejiya don tare iska a 1975, ba waya ce ta raya bishiyoyin ba, an ɗauki masu gadi ne aka hana kiwo a wurin har bishiyoyin suka fi ƙarfin bakin dabba. Kafin a rufe kowane fili, a zauna da dagaci da masu unguwa da ardon makiyaya a fayyace iyakarsa, da shekarun da za a rufe shi, da abin da za a yi wa dabbar da aka kama a ciki. Kada a kuskura a dasa a kan burtali ko a toshe hanyar mashaya, domin wanda ya yi haka ya sayi rigimar da ba keji da zai iya tare ta. A ba makiyaya da matan ƙauye damar shiga su yanki ciyawa su ɗauka, abin da zai ba su harawa, ya kuma rage wa dajin makamashin wuta. Rufe daji gaba ɗaya a lokaci guda yana jawo fushi, raba shi kashi-kashi kuwa, a buɗe wanda bishiyoyinsa suka girma a rufe sabo, ya fi samun karɓuwa.

Wuta da ƙwari

Wutar daji tana iya cinye aikin shekara uku cikin yini guda, kuma lokacinta sananne ne, wato daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙamas iskar hunturu kuma tana kaɗawa. Tun ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba a share hanyar tare wuta a kewayen filin, faɗin mita 5 zuwa 10 gwargwadon tsayin ciyawar wurin, a kankare ta har ƙasa ta fito, a kuma ratsa babban fili da irin waɗannan hanyoyi yadda wutar da ta shiga wani kashi ba za ta tsallaka zuwa wani ba. Ɓangaren gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, shi ya fi bukatar faɗi. A dajin da ya manyanta ma'aikata sukan yi ƙunar wuri, wato su sa wuta da gangan tun ciyawa tana da sauran ɗanye domin ta ci a hankali, amma wannan dabara ba ta dace da cikin filin ƙananan dashe ba, domin ɓawonsu bai yi kaurin da zai jure ko da wuta mai sanyi ba. Mafarauta da masu ɗibar zuma da masu ƙona sassabe a gonakin maƙwabta su ne mafi yawan mafarin gobara, saboda haka a sa su cikin zaman yarjejeniyar tun farko.

Gara ta fi kama dashen bishiyar turare, musamman wanda ƙishi ya raunana, don haka ban ruwa da kawar da busasshen itace daga gindi rabin magani ne. Toka da dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya da ake zubawa a kwarmi suna taimakawa, idan abin ya yi yawa kuma a nemi shawarar malamin gona kafin a sayi maganin feshi. Kauci, wanda tsuntsaye ke kawo irinsa su manna a reshe, a sare reshen da ya kama tun yana ƙarami, a ɗan ƙasa da inda ya kafu, domin cire ganyensa kaɗai ba ya kashe shi.

Askin dashe

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan aiki maganar ba misali ba ce, zahiri ce. Reshen da bai wuce kaurin babban yatsa ba ana cire shi da yanka ɗaya, raunin ya rufe cikin damina guda. Idan aka bar shi ya kai kaurin hannu, raunin zai daɗe a buɗe, ruɓa ta shiga, katakon da za a samu daga baya kuma ya fito da idanu da ramuka waɗanda kafinta ba ya so.

Kafin a ɗauki wuƙa a fara tambayar abin da ake so bishiyar ta zama, domin shi ke nuna irin askin. Bishiyar katako, irin itacen tik (teak) na gandun dajin Nimbiya a kudancin Kaduna ko maɗaci, ana son ta da sanda ɗaya miƙaƙƙiya marar reshe har tsawon mita da yawa. Turare, wanda aka dasa da yawa a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna, yakan zubar da rassansa na ƙasa da kansa idan an dasa shi kusa da juna, saboda haka aikinsa kaɗan ne. Daƙwara kuwa daga rassanta ake tsaga ƙaro, don haka ba a rage mata sai na ƙasa waɗanda ke hana mai tsaga matsowa. Bishiyar shingen tare iska ita ce aka fi yi wa kuskure: idan aka aske mata rassan ƙasa, iska takan matse ta bi ta ƙarƙashi da ƙarfin da ya fi na da, ta kwashi ƙasar da aka dasa shingen domin a riƙe. A irin wannan layi a cire matacce da karyayye kawai.

A shekarar farko kada a taɓa dashen sai don cire abin da ya karye, domin kowane ganye yana ciyar da saiwa. Daga shekara ta biyu, idan bishiyar ta kai tsayin ƙirjin mutum, sai a fara gyaran siffa. Abu na farko da za a duba shi ne kai. Idan ya rabu biyu kamar gwafa, a zaɓi wanda ya fi miƙewa da ƙarfi a cire ɗayan, saboda kai biyu masu kauri ɗaya sukan tsage daga mahaɗarsu idan bishiyar ta yi nauyi iska ta buge ta. Wannan ya fi faruwa ga maɗaci, wanda wata tsutsa ke huda tsinin tohonsa ta kashe shi, sai rassa uku ko huɗu su taso a madadinsa. Mai renon maɗaci dole ya riƙa komawa bayan kowace damina yana zaɓar kai ɗaya har bishiyar ta wuce tsayin da yake bukata. Bayan kai sai rassan da ke gogar juna, da waɗanda suka juya suna shiga ciki, da tohon da ke fitowa daga gindi.

Sannan a zo ga ɗaga rassan ƙasa, wanda ake yi a hankali cikin shekaru. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a zama ɗaya, kuma bayan an gama, ɓangaren da ke da ganye ya kasance aƙalla rabin tsayinta, kashi biyu cikin uku ma ya fi ga ƙarama. Na taɓa ganin filin darbejiya da wasu matasa masu ƙwazo suka aske, suka bar wa kowace bishiya ɗan tuntu a ka kamar tsintsiyar da aka kifa. Da iskar farkon damina ta zo, sandunan da ba su yi kauri ba suka ranƙwafa har ƙasa, wasu suka karye, waɗanda suka tsira kuma suka fesa toho a duk jikinsu, aikin ya koma ninki biyu. Rassan ƙasa su ke kaurara gindi, suna kuma kare ɓawo daga ƙunar rana, shi ya sa ba a gaggawar raba bishiya da su.

Wurin da ake sa wuƙa shi ne zuciyar aikin. Wanda ya duba mahaɗar reshe da sanda da kyau zai ga wani ɗan kumburi mai kama da zobe a gindin reshen, a samansa kuma ɓawo ya ɗan tattare ya yi layi. Wannan kumburi shi ne wuyan reshe, kuma daga cikinsa naman da zai rufe raunin ke fitowa. A yanka dab da bayansa, ba tare da an taɓa shi ba. Wanda ya shafe yankan daidai da jikin sanda ya cire wuyan, ya buɗe babban rauni a jikin uwar bishiyar. Wanda kuma ya bar guntun reshe mai tsawon yatsa ya bar wa ruɓa da gara ƙofa, domin guntun zai mutu ya hana raunin rufewa. Alamar yankan da ya yi daidai tana bayyana bayan wata biyu ko uku na damina, lokacin da za a ga sabon nama ya kewaye raunin ta ko'ina kamar bakin tulu, yana matsowa tsakiya.

Reshen da ya yi nauyin da hannu ɗaya ba zai riƙe shi ba ana cire shi ne da yanka uku. Na farko daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga sanda, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku shi ne cire guntun da ya rage a bayan wuya. Dalilin yankan farko shi ne ya tsayar da yagewar ɓawo, domin reshen da aka sara daga sama kawai yakan karye kafin a gama, ya ja ɓawo ya feɗe shi har jikin sanda.

Almakashin aski da ƙaramin zarto su ne kayan aikin da suka fi dacewa, amma yawancin masu aikin daji a karkara adda da gatari da barandami suke da su, kuma ana iya yin aiki mai kyau da su matuƙar an wasa su sun yi kaifi. Da adda, a riƙe reshen da hannu ɗaya a sara daga ƙasa zuwa sama. Karya reshe da hannu ko murɗe shi ba aski ba ne. Idan an yanki bishiyar da ke da alamar cuta, a goge bakin ƙarfen da sifirit kafin a matsa zuwa ta gaba. Shafa fenti ko baƙin mai ko kashin shanu a kan raunin ba ya ƙara komai, yakan ma riƙe damshi a ciki, don haka a bar shi iska ta busar da shi.

Game da lokaci, ƙarshen rani kafin saukar ruwa ya fi dacewa da yawancin itatuwa, saboda raunin zai bushe babu naman gwarin da ke kawo ruɓa, sannan tohon damina ya zo ya rufe shi da sauri. A guji aski a tsakiyar Agusta lokacin da komai ke jiƙe, a kuma ɗaga wa bishiyar da fari ko fara suka galabaitar ƙafa sai ta farfaɗo. Gawo ya saba wa sauran itatuwa, domin yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kuma masu shi sun saba gyara shi a lokacin sharar gona.

Idan bishiya ta ranƙwafa har tana bukatar madogara, a kafa turke a gefen da iska ke fitowa a ɗaure da tsumma mai faɗi, a bar mata sararin motsi, a kwance bayan shekara guda. Waya da igiyar leda sukan nitse cikin ɓawo su shaƙe ta.

Renon toho daga kututture

A yawancin dazuzzukan da muke cewa sun ƙare, bishiyoyin suna nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Wannan shi ne abin da Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostareliya da a lokacin yake aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da shi a 1983, bayan ya sha ganin dashen da suke rabawa yana mutuwa. Kurmin da ake sarewa kowace shekara a lokacin sassabe toho ne na tsofaffin kututturan kalgo da sabara da gawo da magarya, waɗanda saiwarsu ta riga ta kai ga damshi mai nisa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka ɗauki dabarar suka faɗaɗa ta, har aka ƙiyasta cewa ta maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma ana kiranta sassaben zamani. Dabarar tana aiki a gandun daji kamar yadda take aiki a gona, kuma kuɗinta bai kai na dashe ba ko kusa.

Yadda ake yi shi ne a zaga a zaɓi kututturan da za a rena, bisa ga irin itacen da ake so da tazarar da ke tsakaninsu. Kututture ɗaya yana iya fitar da toho ashirin ko fiye, duk suna rabon abinci ɗaya, shi ya sa babu wanda ke tashi. A zaɓi uku zuwa biyar waɗanda suka fi tsayi da miƙewa, an fi son waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen domin sun fi kafuwa, a sare sauran dab da gindi. Waɗanda aka bari a cire musu rassan gefe har rabin tsayinsu. Idan sirara ne a haɗa su a ɗaure sako-sako su tallafi juna, a kuma ɗaura jan ƙyalle a jiki domin mai neman itace ya san akwai mai shi. Ƙayar da aka sare a jibge ta a kewayen gindin, ta zama keji ba tare da an kashe ko sisi ba.

Kututture ba ya daina fesa sabon toho, saboda haka a koma duk bayan wata biyu zuwa shida a share. Daga shekara ta biyu ana iya cire sanda ɗaya kowace shekara don itacen girki ko azara, ana barin wadda ta fi kyau ta zama uwar bishiya. Dalilin da ya sa ba a barin ɗaya tak tun farko shi ne idan dabba ko iska ta karya ta an koma farko, kuma sandunan da ake cirewa a tsakani su ne ladan da ke sa mutane ci gaba da aikin. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maraɗi mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido, maza da mata da makiyaya, domin hana saran dare, wanda shi ne abin da ya fi karya gwiwar mai reno.

Kafin a sa ƙarfe a jikin kowace bishiya a gandun dajin gwamnati, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji na yankin a rubuce, domin doka a Nijeriya da Nijar ta hana sara a irin waɗannan wurare ba da izini ba, wasu itatuwa kuma irin gawo suna cikin waɗanda aka ba kariya ta musamman a Nijar. A cikin takardar a bayyana wanda zai mallaki rassan da aka cire da sandunan da za a rage nan gaba idan bishiyoyin suka cunkushe. Rassan da aka aske kada a bar su a warwatse a gindin dashe har hunturu: ganyen da dabba ke ci a kai wa dabba, itacen a raba bisa yarjejeniya, ƙayar a toshe gibin shinge da ita. Mai kula da filin ya ajiye littafi ya rubuta ranar da aka yi wa kowane kashi aski da adadin bishiyoyin da ke raye a cikinsa, ya sake ƙirgawa a watan Mayu kafin ruwan farko, domin wannan ƙirga ita za ta nuna yawan dashen da zai nema daga lambun reno a daminar da ke tafe.